Tsohon Faifan da Kake So: Wanki, Allura da Wurin Ajiya a Zafin Yamai

A gidaje da dama a Yamai, idan aka buɗe tsohon akwatin ƙarfe na maigida, ana tarar da faya-fayan garmaho na shekarun 1960. Wasu ɗalibai ne suka dawo da su daga Dakar ko Abijan ko Faransa, wasu kuma malamai Turawa ne da ƴan sa-kai na Amurka, waɗanda suka fara zuwa Nijar a 1962, suka bar su da za su koma. A cikin tarin kusan kullum akwai guda ɗaya da kwalinsa ya fi na saura tsufa, gefensa ya cinye, tsakiyarsa ta yi shacin zobe. Shi ne wanda aka fi so. Sau da yawa irin kiɗan nan ne mai sanyi da Turawa suke kira fok: jita marar wuta, muryoyi biyu ko uku suna tafiya tare, wani lokaci da ɗan goge ko ganga a can baya.

Wannan salon kiɗa ba shi da mayafi. Faifan da ke cike da ganguna da ƙahoni yana rufe ƙaras-ƙaras ɗin ƙura, amma wanda ke da jita ɗaya da murya, duk ƙwayar yashin da ta kwanta a kansa sai ta yi magana, musamman a wurin da mawaƙi ya ja numfashi. Kuma tunda shi aka fi kunnawa, shi ya fi shan wuya a ƙarƙashin mummunar allura. Don haka kafin ka sake ɗora shi a kan garmaho, ka dakata tukuna.

Fara da sanin abin da ke hannunka. Babban faifai mai faɗin santimita 30, wanda ake kira LP, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, kamfanin Columbia ne ya fito da irinsa a 1948. Ƙaramin, mai faɗin santimita 17 da rabi, yana juyawa sau 45, shi kuma RCA Victor ne ya kawo shi a 1949. Ƙananan da aka buga a Faransa a wancan zamani yawanci waƙa huɗu suke ɗauka, biyu a kowace fuska. Idan ramin tsakiyarsa babba ne, kusan milimita 38, sai da ɗan zoben da ke cike ramin. Kada ka daidaita shi da ido, domin ɗan kaucewar da ba ka gani ita ce ke sa murya tana lilo. Wanda kuma ya yi nauyi, ya yi tauri kamar tangaran, yana juyawa sau 78, wannan ba roba ba ce, da wani irin ƙaro aka yi shi, kuma alkol yana narkar da shi. Ka ware shi gefe, duk abin da za a faɗa nan game da wanki bai shafe shi ba.

Akwai wani tarko a cikin ƙananan faya-fayan Amurka. Da yawa daga na Columbia da wata busasshiyar roba aka zuba su, mai saurin cinyewa. Za ka gane su da rashin nauyi, da takardar tsakiya da aka manna da gam har farce yana iya jin bakinta, kuma idan ka ƙwanƙwasa gefensu sai ka ji ƙara siririya. Allura mai nauyi tana iya aske irin wannan a ƴan kunnawa kaɗan, har ka ga tsagar ta yi fari-fari. Su ma kada alkol ya taɓa su.

Sai ka duba ko an rubuta mono (sauti hanya ɗaya) ko stereo (sauti hanya biyu, hagu da dama) a kwali ko a takardar tsakiya. Har zuwa wajen 1968 ana buga faifai ɗaya iri biyu, kuma wannan bambanci zai yi maka amfani nan gaba. Wasu na Faransa na ƙarshen shekarun an rubuta musu Gravure universelle, ma'ana suna tafiya da kowane irin garmaho.

Wanki

Kowace fuska ta faifai tsaga ɗaya ce tak, siririya kamar silin gashi, ta nannaɗe daga baki zuwa tsakiya. A fuskar da ke ɗaukar minti 20, tsawonta ya haura mita 400, kuma a jikin bangonta biyu aka zana kiɗan. Ƙurar hunturu ba gari ne kawai mai laushi ba, akwai ɓarɓashin yashi a ciki. Idan allura ta bi ta kansa, tana tura shi ne tana gurzar bangon, abin da ya gurzu kuma ya tafi ke nan. Shi ya sa goge busasshen faifai da gefen riga ko da tsumma ya fi barinsa da dattinsa muni.

Ruwan wankin shi ne rabin aikin. Ruwan famfo, na Yamai ne ko na rijiyoyin burtsatse na Tawa, yana barin gishiri-gishiri a cikin tsaga idan ya bushe, haka ma ruwan leda. Abin da ake so shi ne tataccen ruwa marar ma'adinai, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ana samun sa a gidajen mai da wurin masu kayan mota. A nan sai an buɗe ido ƙwarai: ruwan batir iri biyu ne, ɗaya tataccen ruwa ne zalla, ɗayan asid ne mai ƙona fata. Ka karanta jikin gorar, ka tabbata an rubuta eau distillée ko eau déminéralisée, kuma a rufe take. Wanda aka ɗura a tsohuwar gora marar rubutu, bar shi.

A kwalba mai tsabta ka zuba mililita 400 na wannan ruwa, da mililita 100 na alkol ɗin da ake kira izofirofil, da ɗigo biyu na sabulun ruwa na wanke kwanuka, marar man shafawa a ciki. Ɗigo biyu, ba cokali ba; aikinsa kawai ya sa ruwan ya shiga tsaga maimakon ya tsaya dunƙule-dunƙule a sama. Alkol mai launi na wanke ciwo da ake sayarwa a farmasi yakan zo da kafur da rini, yana barin saura, haka ma na kunna risho. Idan ba ka sami izofirofil ba, ruwan da sabulun kaɗai sun isa, kuma su ne za ka yi wa ƙananan faya-fayan nan na Amurka amfani da su.

Ka zaɓi lokacin da iska ta kwanta, ka rufe tagogi, ka kashe fanka. Shimfiɗa tawul mai tsabta a kan tebur, ka kwantar da faifan, ka kife ƙaramin kofi a kan takardar tsakiya, domin rinin wasu takardun yana zuba da ruwa ya taɓa shi. Da sirinji ka ɗiga kamar mililita 5 zagaye da fuskar. Da sabon burushin fenti mai laushi sosai, wanda bai taɓa ganin fenti ba, ka bi tsagar a zagaye, sau uku ta dama, sau uku ta hagu, ba dannawa. Kada ka taɓa ratsa ta daga tsakiya zuwa baki. Bar shi minti biyu ya jiƙa, amma kada ya bushe a kai, abin da ke saurin faruwa a watan Maris. Ka tsane da ƙyallen maikurofaiba, ka ɗauraye da tataccen ruwa zalla sau biyu, kana tsanewa da wani ƙyallen daban. Ɗaurayar nan ita mutane suka fi tsallakewa, kuma ita ce dalilin da ya sa wani yakan ce ya wanke faifansa sai ƙarar ta ƙaru: sabulun ne ya bushe a ciki, allura tana kwaso shi kamar danƙo. Ka juya ɗaya fuskar, sannan ka jingine shi tsaye a inuwa cikin ɗaki na minti 30 zuwa awa ɗaya.

Faifan da ya yi fumfuna, wato fararen tabo kamar saƙar gizo, yana son wanki biyu ko uku, ambulan ɗinsa na ciki kuma a jefar. Wasu suna kunna faifai da jiƙonsa don ƙarar ta ragu. Tana raguwa a lokacin, amma dattin ya zama taɓo ya kwanta a gindin tsaga, ruwan kuma yana hawa jikin allura. Kada ka yi.

Wanki irin wannan sau ɗaya ya wadatar na dogon lokaci. Abin da za ka riƙa yi kullum shi ne share shi da burushin faifai mai zaren kabon, farantin garmaho yana juyawa, zagaye biyu ko uku kafin allura ta sauka. A hunturu faifai yana tara irin wutar nan da ke sa rigar nailan tas-tas idan an tuɓe ta da dare, sai ya riƙa jawo ƙura daga iska. Yayyafa ruwa a tsakar ɗaki ko rataye jiƙaƙƙen zane nesa da garmahon yana rage ta.

Allura da nauyinta

Allura ce ke kashe faifai fiye da komai. Tsofaffin garmaho na akwati, irin Teppaz na Faransa da aka yi yayi a wancan zamani, yawanci allurar dutsen safir gare su, wadda ba ta wuce ƴan gomman awoyi kafin bakinta ya cinye. Ta lu'ulu'u tana kai awa ɗari biyar ko fiye. Allurar da ta cinye bakinta yana yin kaifi kamar kurfi, tana sassaƙar tsagar tana tafiya. Idan ba ka san shekarun allurar da ke kan garmahonka ba, ka ɗauka ta mutu, ka sauya. Alamarta a irin wannan kiɗa a fili take: harafin "s" yana fashewa kamar an watsa ruwa a mai mai zafi, babbar murya tana karkarwa, abin kuma ya fi muni a waƙar ƙarshe. Dalili shi ne a bakin faifai tsaga tana wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, a kusa da tsakiya kuwa kusan 21 ne, don haka kiɗan a cushe yake a can.

Wasu tsofaffin kawunan garmaho, inda allura take, suna da allura biyu da ake juyawa da ɗan maɓalli, ɗaya LP ɗaya 78. Ta 78 ta ninka ɗayar kauri kamar sau uku, ba ta shiga tsagar faifanka. Tsohon kan allura na mono kuma ba ya motsi sama da ƙasa, saboda haka yana ɓata faifan stereo. Akasin haka ba matsala: allurar stereo ta zamani tana kunna mono lafiya lau.

Shawararmu a nan ba ta da kwana-kwana. Tsohon garmahon akwati a ajiye shi don tarihi, ko a riƙa kunna faya-fayan da ba a damu da su ba, domin irinsu da ƙananan na zamani masu araha sukan danna da giram 5 ko fiye. Faifan da ake so yana buƙatar garmaho mai dutsen daidaita nauyi a bayan hannunsa, da kan allura mai maganaɗisu. AT-VM95E na Audio-Technica, alal misali, giram 2 yake so. Ga yadda ake saitawa: ka mayar da maɓallin anti-skating, mai hana hannun zamewa zuwa tsakiyar faifai, sifiri, ka juya dutsen baya har hannun ya tsaya a iska shi kaɗai, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Ka riƙe dutsen, ka juya zoben lambobi kaɗai zuwa sifiri, sannan ka juya su tare zuwa 2, ka kai wancan maɓallin shi ma 2. Ɗan sikelin lantarki irin na masu awon zinariya zai tabbatar maka, muddin ka sa shi daidai tsayin da faifai yake zama. Rage nauyi ƙasa da abin da kamfani ya faɗa ba tausayi ba ne ga faifai, domin allura marar nauyi tana tsalle-tsalle tana dukan bangon tsaga.

Sai tsohuwar dabarar ɗora kuɗi a kan allura idan faifai yana tsalle. Ƙwandalar dala ashirin kusan giram 7 ce, ta dala ɗaya ma kusan giram 3. Wato allurar da aka yi don giram 2 ta koma ɗaukar kusan 9 idan an ɗora ta dala ashirin. Tsallen zai tsaya, faifan kuma zai tafi. Idan wuri ɗaya yake tsalle kullum, ka haska shi da tocilan ɗin salula daga gefe, ka duba da madubin ƙara girma. Sau da yawa wani ɗan busasshen abu ne ya maƙale, a jiƙa shi da ɗigon ruwan wanki, a ture shi a hankali da tsinken sakace na itace, ana bin tsagar. Idan kuma ko'ina yake tsalle, ka ɗora ma'aunin magina mai ƙwayar ruwa a kan faranti ka ga ko teburin ya karkace, ka kuma sauke lasifika daga teburin da garmaho yake kai. Ita allurar, ɗan burushi mai laushi daga baya zuwa gaba kawai, ba da yatsa ba.

Gudu yana da sauƙin gwadawa. Manna ɗan farin tef a gefen faranti, ka ƙirga: zagaye 100 cikin minti 3 daidai shi ne 33 da sulusi. Wutarmu bolt 220 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa 120 ce mai bugu 60. Tsohon garmahon Amurka da injinsa ke bin bugun wuta, ko an sa masa taransifoma bai ƙone ba, zai juya kusan sau 28 maimakon 33, muryar mace ta yi kauri, waƙar ta yi ta jan ƙafa. Maganinsa sauya ɗan ƙarfen da bel ke zagayawa a kan injin da na bugu 50, ba taransifoma ba. Saboda wannan dalilin dai irin waɗannan injuna ba sa jituwa da wutar gurup, wadda bugunta ke hawa da sauka. Idan gudun ya ragu a garmahon da ba na Amurka ba, yawanci bel ne zafi ya saki ko ya narkar ya zama kamar kwalta. A goge saurarsa da alkol, a auna hanyarsa da zare, a nemi wanda ya gaza zaren da kaɗan. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a sandar tsakiya ya isa.

Idan sauti ya fito siriri, can ƙasa-ƙasa, ba kauri, ba garmahon ne ya lalace ba: ka sa wayarsa a ramin AUX na ampili, wato na'urar ƙara sauti, ne maimakon ramin PHONO. Ampilin da ba shi da PHONO sai an haɗa masa ɗan akwatin da ke ƙara ƙarfin allura. Gunjin da ba ya yankewa kuma, siririyar waya ta uku da ke fitowa daga garmaho ce ba a ɗaure ta a kusoshin GND na ampili ba.

Wurin kwana

A Afrilu da Mayu zafin Yamai yana haura digiri 40 a inuwa, robar faifai kuma tana fara saki tun wajen digiri 60, abin da cikin motar da aka rufe a rana ke kaiwa cikin sauƙi. Ko bai kai haka ba, faifan da ya jingina a karkace wata da watanni a ɗaki mai zafi sai ya lanƙwashe. Saboda haka a tsaye cak ake ajiye su, kamar littattafai, ba a kwance wani kan wani ba, ba kuma a matse har sai an ja da ƙarfi ba. Kafinta zai iya yi maka akwatin katako mai faɗi da tsayin santimita 33 ta ciki, da allon raba tsakani duk bayan santimita 15. Ka nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da bangon yamma da rana ke duka da la'asar, nesa da taga, kuma ba saman kabad kusa da rufin kwano ba. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi na siminti da kwano sanyi, sai dai a can gara ce abin tsoro. Ka ɗaga akwatin daga ƙasa kamar taƙi ɗaya, ka janye shi daga bango, ka riƙa leƙa bayansa a damina. A Agusta, lokacin da laima ta yi yawa, ka zuba ƴan ƙunshin ƙwayoyin shan laima irin na cikin kwalin sabon takalmi.

Tsohon ambulan ɗin takarda na ciki yana zubar da gari yana kuma kartar faifai. Ka sauya shi da mai shimfiɗar siririyar leda mai laushi, tsohon kuma idan yana da rubutu ko hoto ka ajiye shi a kwalin daban. Ka sa bakin ambulan yana kallon sama, bakin kwali yana kallon gefe, ƙura ba ta samun hanya. Ka guji rigar leda mai kauri, mai sheƙi, mai warin sabon labulen wanka: a zafi tana fitar da wani tururi da ke bin faifai ya bar masa hazo, da ƙarar "shhh" da ba wankin da ke cire ta. Kwalin da ya ɓalle a gyara shi da farin gam na kafinta ta ciki, ba da salatif ba.

Wanda ya riga ya lanƙwashe kaɗan, idan allura tana bin sa ba tsalle, a ƙyale shi. Idan ya yi yawa, a wanke shi, a sa shi cikin ambulan tsakanin gilasai biyu masu kaurin milimita 5 ko 6, a ɗora littattafai, a bar shi makonni a cikin ɗaki. Wani yana miƙewa, wani ba ya yi. Shanya shi a rana tsakanin gilasai, kamar yadda wasu ke ba da shawara, a ranar Yamai narkar da tsagar yake yi.

Da ka wanke shi ka kuma sa sabuwar allura, kunnawar farko ita ce ta ɗaukar sautin a kwamfuta. Ka haɗa garmaho da kwamfuta ta ɗan akwatin USB mai ramin PHONO, ka buɗe Audacity, manhaja ce ta kyauta. Ka saita ƙarfi yadda wurin da ya fi ƙara ba zai wuce -6 dB a ma'aunin manhajar ba, ka ɗauki fuska guda ba tsayawa, ka adana a WAV ko FLAC, nau'in fayil ɗin da ba ya rage ingancin sauti. WAV mai ingancin CD yana cin kusan megabait 10 a minti, faifan minti 40 ke nan wajen 400. Idan faifan mono ne, ka haɗe ɓangarorin sautin biyu, na hagu da na dama, su zama ɗaya: a mono kiɗan yana cikin motsin allura na gefe da gefe ne, motsin sama da ƙasa kuwa kusan duk ƙarar datti ce, haɗewar tana kashe kaso mai yawa nata. Wajen share ƙaras-ƙaras, manyan kawai za ka cire ɗaya bayan ɗaya. Idan ka sake wa manhaja ta share duka, tana haɗawa da ƙarar yatsa a kan tsirkiyar jita da numfashin mawaƙi, waɗanda su ne daɗin irin wannan kiɗa. Ka ɗauki hoton kwalin gaba da baya, da takardar tsakiya, da lambobin da aka ƙarce a filin da ke tsakaninta da waƙar ƙarshe, domin da su ake gane bugun da kake da shi. Kwafi biyu za ka yi, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a kile na USB da za ka ba wani ɗan'uwa ya ajiye a gidansa. Idan ta WhatsApp za ka tura wa yaya ko ƙane da ke nesa, ka tura shi a matsayin dokiman, yadda zai isa kamar yadda ka ɗauke shi.